Farautar da Ba Kare, Ba Gora

Likita ne ya jawo wannan magana, ba yaro ba. Wata huɗu ke nan da ya auna jinina, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce idan ina da burin ganin auren jikokina, to lallai in riƙa taka ƙasa da ƙafata na rabin sa'a a kowace rana. Na amsa da to. Kwana uku na yi ina zagaya unguwa bayan sallar asuba, a na huɗu na gaji da amsa tambayar "Malam, lafiya kuwa? Ina motar?" na koma kan dardumata. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san magidanci ba ya yawo haka siddan. In an gan ka a ƙasa, to ko jana'iza za ka, ko ɗaurin aure, ko kuwa mota ce ta ƙi tashi.

Ana nan sai ɗan ƙanena, wanda ke aji uku a Jami'ar Bayero, ya zo gaishe ni, ya tarar ina yi wa uwargida ƙorafi. Ya ce, "Baffa, ai akwai wasan da ba a cinsa sai da tafiyar ƙafa. In ka yarda in sa maka a waya, ni zan riƙa raka ka." Na ce masa furfurata ta wuce wasan waya. Ya yi shiru irin na yaran kirki, ya bar maganar, amma ranar Asabar da sassafe sai ga shi a zaure yana jira. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa wannan fili, wanda ya saba da zancen kasafin kuɗi da halin da makarantunmu ke ciki, yau zai yi zancen Pokémon GO. Ɗalibai da dama suna sauke shi a waya, su yi kwana biyu su goge, wasu kuma su yi asarar kuɗi ko ta wayar ɗungurungum. Ga su nake magana, da iyayensu.

Ga wanda bai san shi ba, manhaja ce ta wayar hannu da kamfanin Niantic na Amurka ya fitar ranar 6 ga Yulin 2016. Wayar tana amfani da tauraron ɗan'adam ta gane inda kake tsaye, ta shimfiɗa maka taswirar unguwarku a allo, da wani ɗan mutum a tsakiya wanda shi ne kai. In ka taka ya taka, in ka tsaya ya tsaya. Kana tafe sai wasu halittu na zane su riƙa ɓullowa a gefen hanya, wani kamar ɓera, wani kamar kunkuru, wani ba ka da abin kwatanta shi, kai kuma ka jefe su da ƙwallo ka kama. Su halittun sun girmi wasan da shekara 20. Wani ɗan ƙasar Japan mai suna Satoshi Tajiri ne ya ƙirƙiro su, aka fara sayar da wasansu a 1996 da halittu 151, yau kuwa sun haura 1,000. Abin da ya taɓa ni a tarihin mutumin shi ne, tun yana yaro ba shi da aiki sai kamun ƙwari a filayen garinsu da ke gefen Tokyo, da ya ga kwalta da gine-gine sun cinye filayen sai ya so ya bar wa yaran birni ɗanɗanon abin da suka rasa. Da na ji haka sai na tuna yadda muke kamun fara da gyare a bayan badala, muna ɗana wa tsuntsaye tarko a bakin kududdufi, a wuraren da yau shaguna ne da gidajen mai. Ashe ciwon ɗaya ne.

Abu na farko da sabon shiga zai sani, wanda bidiyoyin Turawa a YouTube ba za su gaya masa ba, shi ne ba don Kano aka tsara wasan nan ba. A kan taswira akwai wasu tashoshi shuɗɗa da ake kira PokéStop, ni kuwa na raɗa musu zango, domin aikinsu ɗaya da zangon fatake: nan ake yada kaya a yi guzuri. In ka isa kusa ka murza hoton zangon da yatsa, sai ya zubo maka ƙwallaye da magunguna da ƙwai. Akwai kuma manyan wurare inda ake kara halittu da juna, waɗanda zan kira dandali. To waɗannan wurare ba daga sama suka faɗo ba. Kafin wannan wasa kamfanin yana da wani mai suna Ingress, wanda 'yan wasansa suka yi ta ɗaukar hotunan gine-ginen tarihi da gumaka da zane-zanen bango suna aikawa, kuma da wannan tari aka kafa zangunan farko. Masu wancan wasa kuwa sun fi yawa a manyan biranen Amurka da Turai da Japan. Shi ya sa mutumin Landan ko Tokyo zai zauna a kan benci ɗaya zanguna sun kewaye shi, mu kuwa a birnin da ya haura shekara dubu sai mun yi tafiya mai ɗan nisa kafin mu ga ɗaya. A can matsalarsu jaka ta cika, a nan matsalarmu jaka ta ƙare. Duk wata dabara ta ɗan Kano daga nan take farawa: tattalin ƙwallo.

Na koyi wannan da tsada. A makona na farko wani ɗan jemage mai suna Zubat ya ɓullo mini, yana ta shawagi sama da ƙasa, ni kuma zuciya ta ɗebe ni na yi ta jifa har ƙwallo 14, daga ƙarshe ya tsere ya bar ni da jaka wayam. Yaron nan ya danne dariyarsa ya ce, "Baffa, ba da ƙarfi ake yi ba." Ya nuna mini cewa in ka ɗora yatsa a kan ƙwallo, wani zobe yana bayyana a jikin halittar yana tsukewa. Launinsa ke gaya maka wuyar kamun: kore mai sauƙi ne, ruwan ɗorawa da ruwan goro sai an yi da gaske, ja kuwa taurin kai ne zalla. Gwaninta ita ce ka saki ƙwallon ya faɗa cikin zoben lokacin da ya tsuke, kuma kafin ka saki ka ɗan jujjuya shi da yatsa har ya fara ƙyalli, ya tafi a karkace kamar bugun kwana. Jifa a karkace tana ƙara yiwuwar kamu, tana kuma ƙara maki. Wanda ya ba da yini biyu ya koyi wannan a kan halittu masu koren zobe ya huta da rabin wahalar wasan. Sannan ka jira halittar ta gama tsallenta ko kai farmakinta kafin ka jefa, domin duk ƙwallon da ya same ta a wannan hali ya tafi a banza. Ni dai na kafa wa kaina doka: ƙwallo huɗu, in abu ya ƙi, in ba shi hanya, sai fa in baƙo ne da ban taɓa kama irinsa ba. Akwai 'ya'yan itace da ake ba su kafin jifa. Ja yana sauƙaƙa kamu, mai kama da ayaba yana sa halitta ta natsu, mai kama da abarba kuma yana ninka ladan da za ka samu in ka kama. Na ƙarshen nan kada a ɓarnatar da shi a kan abin da ka san zai tsere.

Zango yana sake cika bayan minti biyar. Saboda haka in ka gano biyu ko uku da ba su da nisa da juna, ka mai da su da'ira ka riƙa zagayawa, ya fi maka doguwar tafiya miƙe wadda ba guzuri a cikinta. Murzawar farko da kamun farko na kowace rana suna da tukuici na musamman, in kuma ka jera kwana bakwai ba fashi, na ranar bakwai ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Akwai wani turare na kyauta da ake ba kowa sau ɗaya a rana, wanda ke jawo halittu na tsawon minti 15 muddin kana tafiya, an kuma yi shi ne musamman saboda irinmu da ke zaune inda zanguna ba su da yawa. Amma babbar rumbun ɗan Kano abokai ne. Kowane ɗan wasa yana da lamba mai alƙaluma 12, in kun yi musaya kun zama abokai ko da ɗayanku yana Barazil ne, kuna iya aika wa juna kyauta kullum, kuma a cikin kyautar nan akwai ƙwallaye. Mutanen da zanguna suka yi wa yawa neman wanda za su ba suke yi. Ka karɓi lambar wasa, amma kada zumunci ya wuce nan: ba lambar waya, ba hoto, ba kwatancen gida.

Kuskure na biyu da kusan kowa ke yi shi ne gaggawar kashe abin da ake kira ƙurar taurari. Duk halittar da ka kama tana zuwa da aƙalla 100 na wannan ƙura da alewa uku ta jinsinta. Da ƙura da alewa ake ƙara wa halitta ƙarfi, da alewa kuma ake sa ta rikiɗe zuwa babbar siffarta. Sabon shiga yana kama wani abu da ya ba shi sha'awa sai ya juye masa duk abin da ya tara, bayan mako biyu kuma ya tsinci wanda ya fi shi ƙarfi a bakin titi kyauta. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin abin da kake gamuwa da shi yana tashi ne tare da matakinka har zuwa mataki na 30. Kafin nan, ajiya ita ce dabara. Ka kama kome, har wanda ka raina, domin da yayyafi kogi ke cika. Akwai wani kifi mai suna Magikarp da ba ya iya kome sai ɓalli-ɓalli a ƙasa, amma wanda ya daure ya tara masa alewa 400 zai ga ya zama Gyarados, dodon ruwa mai ban tsoro. Raina kama ka ga gayya ke nan. Kuma kada babbar lambar da ke saman kan halitta ta ruɗe ka. A cikin manhajar akwai wurin tantancewa da ke nuna asalin ingancinta ta fuskar hari da kariya da juriya, da taurari daga babu zuwa uku. Mai taurari uku ka riƙe, ragowar ka miƙa wa Farfesa Willow, malamin cikin wasan, ya ba ka alewa ɗaya a kan kowanne. Sai dai a lura, abin da aka miƙa ba ya dawowa. Ƙwan sa'a kuma, wanda ke ninka maki na minti 30, kada a fasa shi haka kawai. A tara halittun da suka isa rikiɗa da yawa, a fasa shi, a rikiɗa su a zama ɗaya.

Yanzu ga inda likitana ya ci riba. Ƙwan da ake samu ba ya ƙyanƙyashewa sai an yi tafiya da shi: akwai na kilomita 2, da 5, da 7, da 10, da 12. Kowa yana da na'urar ƙyanƙyasa guda wadda ba ta ƙarewa, sauran da ake samu jefi-jefi sau uku suke aiki su mutu. Hankali ya nuna gajeren ƙwai shi za a riƙa sa wa a mai ɗorewa, dogon kuma a ajiye wa masu ƙarewa. Wanda ya ce zai yi wayo ya hau Adaidaita Sahu ya zagaya gari ya yi asarar kuɗin mota, domin da zarar gudu ya wuce na sassarfar mutum, manhajar ta daina ƙirgawa. Masu sa wata manhaja ta yi wa wayar ƙaryar wuri, suna kwance a Gwale waya tana cewa suna Amurka, su ma kamfanin yana rufe musu asusu in ya gano. Ni da ban iya rabin sa'a ba, yau sai in ga saura mita 600 ƙwai ya fashe, in ce bari in ƙarasa Ƙofar Na'isa in juyo. Abin dariya ne a ce zanen kwamfuta ya yi abin da gargaɗin likita ya kasa, amma awon jinina na watan jiya bai yi dariya ba, sauka ya yi.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. An tsara wasan nan ne a garuruwan da mutum zai riƙe wayar dubban ɗaruruwa a tafin hannu yana tafe yana kallonta ba abin da ya dame shi. Kano ta yau ba haka take ba, kuma ba sai na tuna wa kowa ba. Ƙwacen waya ya raba iyaye da 'ya'yansu a garin nan, ya bar wasu da tabon wuƙa, har ta kai a 2023 majalisar tsaron jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Yaron da ya sunkuyar da kai yana jifan Pikachu a bakin lungu bayan magariba, shi ne abin farauta, ba shi ne mafarauci ba. Saboda haka kafin kome, a shiga saitin manhajar a kunna abin da suke kira Adventure Sync. Shi ke ƙirga takunka ko da wasan a rufe yake, waya tana cikin aljihu. Da wannan, ƙwai zai ƙyanƙyashe ba tare da kowa ya ga wayarka ba. Mu tsarinmu shi ne: tafiya waya a aljihun gaba, ba a fito da ita sai an isa wurin da aka san mu, gaban shagon wani ɗan'uwa ko majalisar dattawa, baya jingine da bango, ɗaya yana wasa ɗaya yana kallon hanya. Ba ma fita da duhun asuba, sai gari ya waye an fara shara. Ba ma kuma wuce kiran magariba a waje. Ba a sa abin ji a kunne. Ba a tsallaka titi ido yana kan allo, musamman a titunan bakin ƙofofi inda mai Adaidaita ba ya taka birki don kowa. In har aka yi rashin sa'a aka tare ka, ka miƙa wayar. Asusun wasa yana nan a intanet, za ka buɗe shi a wata wayar ka tarar da halittunka cif. 'Yan mata da ke son wasan, su fita da 'yan'uwansu, a unguwar da aka san gidansu.

Zafin rana ma abokin gaba ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da awon zafi ke haura 40, wayar kan yi zafi har ta dushe allonta, batir kuma ya zube kamar ruwa a kwando. Akwai bikin da ake yi sau ɗaya a wata, tun Janairun 2018, inda jinsi ɗaya ke cika ko'ina na sa'o'i uku, galibi daga ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma. Wanda ya tsayar da wannan lokaci bai taɓa tsayawa a Kasuwar Kurmi da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu ba. Mu muna bari sai an idar da la'asar mu ci sa'ar ƙarshe, ta kuma ishe mu. Amma ranar tamu tana da ladanta: tun 2017 wasan yana bin yanayin gari, kuma in sarari ya yi tas, halittun wuta da na tsirrai da na ƙasa sun fi fitowa, sun fi ƙarfi, sun fi ba da ƙura. Da damina kuma sai na ruwa da na lantarki da ƙwari. Muna da wani abin taƙama guda: Tropius, wata halitta mai dogon wuya da nonon ayaba a maƙogwaro, wadda aka keɓe wa Afirka da kewayen Bahar Rum. Bature na iya shekaru yana nemanta.

Akwai kuma ladabin gari, wanda babu manhajar da za ta koya wa yaro. Wasan yana da zaɓin buɗe kyamara, yadda za ka ga halittar kamar tana zaune a kan titin gabanka. A kashe shi tun ranar farko. Yana shan caji, yana wahalar da jifa, sannan mafi muni, a cikin birni ɗaga waya saitin ƙofar gidan mutane ko saitin matan da ke wucewa neman fitina ne, kuma ba wanda zai saurari bayanin cewa kunkurun Japan kake ɗauka. Haka nan kusa da shingen jami'an tsaro ko ƙofar fada. Zaure iyaka ne. In halitta ta faɗa cikin gidan wani, ta zama tasa. Ba a buƙatar shiga wuri kafin a murza zango, daga tazarar mita 80 yana amsawa, don haka babu hujjar shiga harabar masallaci da wasa, balle maƙabarta. Wannan ba tsaurinmu ba ne mu kaɗai. A 2016 gidan tarihin kisan ƙare dangi da ke Washington da maƙabartar sojoji ta Arlington sun roƙi 'yan wasa su fita musu daga harabar, aka kuma cire wasan daga dandalin tunawa da waɗanda bam ya hallaka a Hiroshima. In waɗannan sun san alfarmar matattunsu, mu ne za mu jahilci ta namu?

Da ka kai mataki na 5 za a ce ka zaɓi ƙungiya: shuɗiya, ja, ko ruwan ɗorawa. A nan ma lissafin Kano daban yake. In ka ajiye halittarka ta tsare dandali, tana tara maka sulalla ɗaya duk minti 10, iyaka 50 a rana, amma ba za su shigo hannunka ba sai wani daga wata ƙungiya ya doke ta ta dawo gida. A garin da 'yan wasa suka yi karanci, halitta na iya yin makonni a dandali ba wanda ya taɓa ta, kai kuma ba ko sisi. Don haka 'yan gida ɗaya ko abokai su rarrabu, kada su taru a launi ɗaya. Ni shuɗi ne, ɗan ƙanena ja. Yau ya kore ni, gobe in kore shi, kowa ya samu. Sulallan farko kuma a sa su wajen faɗaɗa jaka da ma'ajiyar halittu, ba wajen hula da takalmin ɗan mutumin allo ba.

Kuɗi na gaske kuwa, shawarata kada a sa ko naira ɗaya. Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, data kaɗai ta ishi ɗalibi nauyi. Sayen na'urar ƙyanƙyasa da kuɗi domin fatan wani abu mai wuyar samu zai fito daga ƙwai, a ganina ƙanwar caca ce, ko da an yi mata kwalliya. Na san wasu za su tuna mini cewa a 2001 kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta katunan Pokémon, bisa dalilan da suka haɗa da caca da aƙidar rikiɗar halitta. Gaskiya ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ba marubucin jarida ba. Sai dai duniya rawar 'yan mata ce: a 2025 kamfanin Scopely ya saye wasannin Niantic, har da wannan, a kan dala biliyan 3.5, shi kuwa Scopely mallakar Savvy Games Group ne, wanda asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya kafa. Abin da ya fi damuna ni ba wannan ba ne. Manhajar ta san inda kake kwana, da hanyar da kake bi, da lokacin da kake fita. Iran ta hana wasan tun 2016 bisa dalilin tsaro. A 2024 Niantic da kansa ya bayyana cewa yana gina wata babbar taswirar duniya ta ƙirƙirarriyar basira da hotunan wurare da 'yan wasa suka ɗauka suka aika. Wannan ɗaukar ba dole ba ce, ana iya ƙin yi. Kyauta dai ba ta taɓa zama kyauta ba, kuma ya kamata mai wasa ya san da me yake biya. Kada a sa sunan gaskiya a matsayin sunan wasa.

Duk da haka ban goge shi ba, ga kuma dalili. A fitarmu ta uku na ce wa yaron nan mu bi ta Ƙofar Kabuga, sai na fahimci shi a wurinsa Kabuga sunan mahaɗar titi ce kawai inda ake sauka a canja mota. Bai san ta nan sojojin Ingila suka shigo Kano a Fabrairun 1903 ba. Bai san Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar tun ƙarni na 12 ba, bai san Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya faɗaɗa ta ya kafa Kurmi ya gina fadar da ake kira da sunansa ba. An haife shi a cikin birni, bai taɓa hawa Dala ba, bai taɓa shiga Gidan Makama ba, marinar Ƙofar Mata kuwa ta tagar mota ya san ta. Ba laifinsa ba ne, mu ne ba mu kai su ba. Sai muka yi ciniki: shi ya koya mini jifa a karkace, ni in koya masa ƙofofi. Yanzu yana iya jero su daga Nasarawa zuwa Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, har ya zagayo Dukawuya da Gadon Ƙaya da Ɗan'agundi, kuma ya taka galibinsu da ƙafarsa.

Ɗan wasan da ya yi nisa a mataki ana ba shi damar gabatar da sabon zango: ya ɗauki hoton wuri, ya rubuta sunansa da tarihinsa a taƙaice, wasu 'yan wasa su duba su amince ko su ƙi. Ba a karɓar gidan mutum, ba a karɓar makarantar yara, ba a karɓar wurin da mai tafiya a ƙasa ba zai isa lafiya ba. In aka amince, hoton nan shi ke tafiya tare da duk kyautar da aka aika daga wannan zango zuwa kowace ƙasa. Ma'ana, taswirar da muke kukan ta manta da mu, hannunmu ne zai cike ta, kuma abin da muka rubuta shi baƙo zai karanta. In ɗalibanmu na tarihi da nazarin taswira ba su yi ba, wani da bai san bambancin Dala da Goron Dutse ba zai yi mana. An sa ganuwar Kano a jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shiga kundin UNESCO tun 2007, tun daga lokacin kuwa kullum raguwa take: nan an yashe ƙasarta an yi bulo, can an yanka fili, ƙofofi da dama an rushe an sake su da siminti domin faɗaɗa titi.

Makonni uku da suka wuce muka tsaya a gaban wani guntun badala da ya rage, tsayinsa ya fi mutum biyu, zaizayar ruwa ta tsattsaga shi. Yaron ya ɗauki hoto ta fuska biyu, ni na faɗa masa abin da zai rubuta, ya aika. Wani dattijo da ke zaune a inuwar wurin yana jan carbi ya tambaye mu ko daga gwamnati muke. Na ce, "A'a Baba, wasa muke." Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da jan carbinsa. Har yau amsar masu dubawa ba ta zo ba. Ranar Asabar da muka sake bi ta wurin, ba mu ga dattijon ba, mun dai tarar an sauke tifa biyu ta yashi a gindin badalar, an kuma ja igiya an kafa turaku.